Mil 12 a bayan yaro ɗan shekara biyu, bai yi yawa ba?

Umman_Sadiku:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana su taimaka min, jiya ban runtsa ba. Ɗana shekararsa biyu da wata uku, ranar Talata za a yi masa aikin gwaiwa. Da muka je ganin likitar sa barci ta ɗora shi a sikeli, kilo 12. Ta ce idan sun sa shi barci za su ƙara masa wata allura a can ƙasan baya, wajen ƙashin wutsiya, don kada ya farka cikin raɗaɗi. Na leƙa takardar na ga ta rubuta mil 12. Ni da aka yi min tiyatar haihuwarsa na ga sirinjin allurar bayan da idona, bai kai mil 3 ba. Yaya za a ba uwa mai kilo 70 mil 3, a ba ɗanta 12? Ko dai kuskuren rubutu ne? Kuma tunda barci zai yi, allurar ta mece ce?

Baban_Tagwaye:
Wa alaikumus salam. Ki ce ba ki yarda ba kawai. Allurar baya ba abin wasa ba ce, ina da aboki tun da aka yi masa yake fama da ciwon baya. Balle yaro.

MaiSaBarci:
Umman Sadiku, kwantar da hankalinki, ba kuskure ba ne. Allura biyu ce daban, bayan ne kawai ya haɗa su. Taki an shiga da ita har cikin ruwan da laka take ciki, maganin ya tarar da jijiyoyi a tsirara, shi ya sa ɗan kaɗan ya wadatar. Ta ɗanki, wadda muke kira kodal, ba ta taɓa wannan ruwan. Akwai 'yar kafa a ƙarshen ƙashin baya, ta nan ake bi a zuba maganin a wajen jakar da ta lulluɓe laka, sai ya riƙa hawa yana jiƙa jijiyoyin da ke fitowa. Iya yawan ruwan, iya inda zai kai. Rabin mil a kowane kilo ya ishi kaciya. Mil ɗaya a kowane kilo yana kaiwa mara da matsematsi, inda za a tsaga ɗanki. Kilonsa 12, mil 12 ke nan.

Amfaninta kuwa, barci ba ya hana jiki jin wuƙa, hankali ne kawai ba ya nan. Idan an kashe wurin, za a rage iskar barcin da yake shaƙa, ba sai an ba shi magunguna irin su mofin masu danne numfashi ba, kuma zai farka ya yi awa huɗu zuwa shida bai san an yanka shi ba.

Mai_Haɗa_Magani:
Bayanin likita ya yi, amma akwai abin da Umman Sadiku ba ta karanto mana ba, kuma shi ne ginshiƙin maganar. Mil 12 na me? Mil awon ruwa ne, ba awon magani ba. A jikin kowace kwalba akwai ƙarfinta. Bufibaken, maganin kashe wuri da ake zubawa a irin wannan allura, mai kashi 0.25 cikin 100 yana da miligiram 2.5 a kowane mil. Mai kashi 0.5 yana da 5. Mil 12 na farkon miligiram 30 ne, na biyun 60. Sirinji ɗaya, ruwa iri ɗaya fari tas, amma ɗaya magani ne ɗaya guba ce ga yaro mai kilo 12. Iyakar da aka sani ita ce miligiram 2.5 a kowane kilo, wato shi dai 30 ce tasa.

Umman_Sadiku:
Innalillahi. Ke nan a daidai bakin iyaka za a ba shi? In ta ɗan zarce fa?

MaiSaBarci:
Ka ga irinta ko, Mai Haɗa Magani, ka ƙara ɗaga mata hankali. 'Yar uwa, iyakar ba bakin rami ba ce da za a ce taku ɗaya a faɗa. An ja layin ne nesa da inda matsala take farawa. Mil ɗaya a kilo na mai 0.25 shi ne awon da aka fi yi wa yara shekara da shekaru.

Ɗalibin_Tiyata:
Malamaina a yi haƙuri in shigo da tawa, dama abin yana cin raina. An koya mana ƙa'idar Armitage: mil 0.5, da mil 1, sai mil 1.25 a kowane kilo idan ana son ya kai wajen cibiya zuwa ƙasan ƙirji. Na lissafa 1.25 na mai kashi 0.25, ya ba ni miligiram 3.1 da ɗoriya a kowane kilo. Ya wuce 2.5 ɗin da ake ta faɗa. Wanne zan bi?

Tsohon_Hannu:
Yaro, ka yi tambaya. Ƙa'idar nan Edward Armitage ya fitar da ita a 1979, kuma tana gaya maka yawan ruwa ne, wato tsawon da kake so ya hau. Iyakar miligiram ita ce ke gaya maka nawa jikin zai ɗauka. Idan suka yi karo, miligiram ke da gaskiya. Sai ka sirka maganin da ruwan gishiri na asibiti, ruwan ya ƙaru, maganin yana nan yadda yake. Ɗauki yaron nan na Umman Sadiku. Da aikin sama ne kana son mil 15, sai ka ja mil 12 na mai 0.25 ka cika da ruwan gishiri mil 3, ya dawo mai 0.2. Miligiram 30 ɗinka bai motsa ba.

Kada ka ji tsoron sirkin zai hana shi aiki. Jijiyoyin yaro sirara ne, kuma rigar kitsen da ke lulluɓe su ba ta gama ginuwa ba, don haka magani mai rauni ma yana ratsa su. Abin da ba zai kashe wa babba wuri ba yana kashe wa yaro.

Ni kuma tun da nake aiki ban wuce miligiram 2 a kilo ba. Ba na zuwa 2.5.

MaiSaBarci:
Ranka ya daɗe, da girmanka, amma shawarar haɗin gwiwa da ƙungiyoyin Turai da Amurka na masu wannan fanni suka fitar a 2018 ta ce 2.5 ga bufibaken da ɗan'uwansa lebobufibaken, 2 ga rofibaken, shi ma maganin kashe wuri ne. Ba mu muka ƙirƙiro ba.

Tsohon_Hannu:
Na karanta. Sun ce kada a wuce, ba su ce dole a kai ba. Kai kaɗai kake allura a ɗakin? Idan ka cinye 2.5 ɗin duka, me ka bar wa mai wuƙa?

Likita_Mai_Wuƙa:
Tunda an ambace mu, ga ni. Maganar babanmu tana kan hanya. Mu ma muna son mu tsira maganin a bakin yankan kafin mu ɗinke, kuma da yawa a cikinmu ba ma tambaya, sai dai mu miƙa hannu a ba mu sirinji. Hanta ba ta san wannan na mai sa barci ne wancan na mai tiyata ba, duka jini ɗaya suke shiga. Ko an canza magani, a ce shi bufibaken ni lidoken, wani maganin kashe wurin, gubarsu taruwa take yi, ba kowanne da nasa ma'auni ba. Yanzu na saba kafin in fara in tambaya, nawa ya rage min? In aka ce babu, shi ke nan.

Sista_Mai_Dare:
Maganar kwalba ta tuna min. Wata rana a wani wurin da na taɓa aiki an canza mana kamfanin da ke kawo magani. Da ma mai 0.25 muke samu, sai aka kawo mai 0.5, kwalba kusan iri ɗaya. Wani abokin aiki ya ja cikakken awon yarinya 'yar kilo 9 kamar yadda hannunsa ya saba. Allah ya sa muna da al'adar mutum biyu su karanta kwalba da murya. Ina karantowa ya ajiye sirinjin, gumi ya karyo masa. Da ta shiga, ninki biyu za ta samu. Daga ranar muke rubuta iyakar kowane yaro a allo da miligiram da mil tun kafin a shigo da shi.

Gaskiya_Ɗaci:
Duk kun yi ta lissafi, babu wanda ya gaya wa baiwar Allah abin da zai faru in ya yi yawa. Ku faɗa mata mana, ɗanta ne.

Likitar_Jarirai:
Haƙƙinta ne, bari in faɗa. Maganin nan toshe hanyar saƙo yake yi a jijiya. In ya yi yawa a jini, ko ya shiga jijiyar jini kai tsaye, sai ya toshe irin wannan hanyar a ƙwaƙwalwa da zuciya. Babba da yake a farke zai ce bakina ya mutu, ina jin ɗanɗanon ƙarfe, kunnena na ƙugi, daga nan jijjiga. Yaro mai barci ba zai ce komai ba, maganin barcin ma yana iya ɓoye jijjigar, sai dai a gani a layin bugun zuciya. Bufibaken kuma yana kama zuciya ya ƙi saki da wuri, shi ya sa ake jin tsoronsa fiye da lidoken.

Amma Umman Sadiku, ɗanki ya wuce shekarun da muka fi fargaba. Jarirai 'yan ƙasa da wata shida ne a gaba. Akwai wani furotin a jini da yake ɗaure maganin ya hana shi yawo, jariri yana zuwa duniya da kaɗan, sai wajen shekara ɗaya yake cika. Hantarsa ma ba ta gama koyon narkar da shi ba. Shi ya sa idan an bar siririn bututu a baya ana ɗiga magani kwana da kwanaki, ɗan ƙasa da wata uku miligiram 0.2 a kilo a awa ake ba shi, ɗan sama da shekara ɗaya kuma 0.4. A ɗigar nan ake samun taruwa a hankali, yau lafiya gobe lafiya, jibi ya cika.

Baban_Tagwaye:
To kun ji. Zuciya ake magana. Ni dai ina kan bakana.

MaiSaBarci:
Baban Tagwaye, mofin ɗin da za a ba shi a madadi shi ma yana da nasa, numfashi yake tsayarwa. Babu zaɓin da ba shi da haɗari, awo ake yi. Akwai rajistar da asibitocin yara fiye da 20 a Amurka suka haɗa, aka buga sakamakon a 2018: allurai irin waɗannan sama da 100,000, ba a samu yaro ɗaya da ya nakasa a jijiya har abada ba, gubar magani mai tsanani kuma ba ta kai ɗaya cikin 10,000 ba, akasarinta a jarirai kamar yadda Likitar Jarirai ta ce.

Ɗalibin_Tiyata:
To tunda mai barci ba ya iya faɗa, me zai hana a yi allurar yana farke sannan a sa shi barci?

Sista_Mai_Dare:
Ka taɓa riƙe ɗan shekara biyu a yi masa allurar riga-kafi? To ƙara da cewa allurar tana kusa da laka.

Tsohon_Hannu:
Sista ta gama magana. A barci ake yi, kuma rajistar da aka ambata ta nuna hakan bai ƙara haɗari ba. Abin da ya maye gurbin bakin yaro shi ne idonka da haƙurinka. Ka ja sirinji baya ka ga ko jini zai fito, amma kada ka sakankance, jijiyar jinin yaro tana iya manne wa bakin allura ta ba ka fari alhali kana ciki. Wasu suna sa adirenalin kaɗan a farkon, rabin maikirogiram a kilo, in bugun zuciya ya ƙaru da kamar goma a minti ko tudun ƙarshe na layin zuciya ya yi tsalle, to a jini kake, ka tsaya. Sannan ka tura kaɗan-kaɗan kana kallon allo. Mil 12 ɗin nan ba a dannawa ɗaya ake tura shi ba. Yawancin abin da na gani ya ɓaci a rayuwata ba lissafi ne ya kuskure ba, gaggawa ce.

Mai_Haɗa_Magani:
Kuma makarin ya kasance a ɗakin. Ruwan kitse ne fari kamar madara, mai kashi 20, an fi saninsa da Intralipid. Guy Weinberg ya nuna aikinsa a jikin ɓeraye a 1998, a 2006 aka ba da rahoton farko na mutumin da aka ceto da shi. Mil 1.5 a kilo ake fara turawa, ga yaron nan mil 18, sai a ci gaba da 0.25 a kilo a minti, jimla kada ta wuce 12 a kilo. Numfashi da oksijin dai su ne farko. Ina roƙon 'yan uwa su daina cewa furofofol, maganin sa barci, zai wadatar don shi ma fari ne. Kitsensa kaɗan ne, kuma ƙara danne zuciyar zai yi.

Baban_Jariri:
A gafarce ni in na kauce. Mu kaciya za a yi wa namu, kwanansa goma, kilo 3. Mai yin ya ce zai tsira masa lidoken. Wani kuma ya ce mu sayo man kashe wuri na EMLA mu shafa da yawa tun daga gida. Wannan ma akwai lissafi?

Likitar_Jarirai:
A nan ma lissafin ya fi tsauri, don kilo 3 ba shi da wurin kuskure. Lidoken zalla wasu littattafan sun tsaya a miligiram 3 a kilo, wasu sun kai 5. Ko ka ɗauki babban, 15 ne gaba ɗaya. Mai kashi 2 cikin 100 yana da 20 a mil guda, ka ga mil ɗaya tak ya wuce. Ka tambaye shi wane ƙarfi zai yi amfani da shi, kuma ya tabbata ba mai haɗe da adirenalin ba ne, don yana matse jijiyoyin jini, ba a sa shi a gaban yaro. EMLA kuwa kada ku shafa da yawa. Ɗan ƙasa da wata uku giram ɗaya ne, na awa ɗaya. Akwai maganin kashe wuri mai suna furiloken a ciki, in ya yi yawa yana ɓata jinin jariri ya kasa ɗaukar oksijin, sai ka ga leɓe ya yi shuɗi.

Mai_Kula_Da_Zaure:
Tunatarwa: lambobin da ake kawowa a nan don fahimta ne da sanin abin tambaya. Kada wani ya ɗauka ya yi wa ɗansa ko ɗan wani allura. Baban Jariri, in kana da ƙari ka buɗe naka zaren.

Ɗalibin_Tiyata:
Abin da na tsinta dai shi ne, iya ƙanƙantar yaro iya rage masa a kowane kilo.

MaiSaBarci:
Kada ka haddace haka, za ta kayar da kai a jarrabawa. A irin allurar da aka yi wa Umman Sadiku abin juyawa yake. Ita da kilonta 70 wataƙila miligiram 10 zuwa 12 aka ba ta. Jariri kuwa miligiram 1 a kowane kilo ake ba shi, ninkin nata sau da yawa in aka raba da nauyi, duk da haka awa ɗaya ko ɗaya da rabi ya sake shi. Ruwan lakarsa ya fi yawa gwargwadon jikinsa, jini kuma yana kwashe maganin da sauri. Ana yi wa bakwaini ita a aikin gwaiwa don a kauce wa ɗaukewar numfashi bayan barci. Ka kuma tuna lakar jariri tana saukowa har wajen ƙashin ƙugu na uku, ta babba a na ɗaya take tsayawa, don haka a ƙasa ake shiga.

Kaka_Mai_Jikoki:
To 'ya'yana, in ana iya yi ba barci, me ya sa za a sa jikan nan barci? Na ji ana cewa yana taɓa ƙwaƙwalwar yara.

Likitar_Jarirai:
Mama, an gwada wannan. Jarirai 722 masu aikin gwaiwa a ƙasashe da dama aka raba biyu, rabi allurar baya a farke, rabi barci na kusan awa ɗaya. Aka bi su har shekara biyar, a 2019 aka fitar da sakamako, ba a ga bambanci a basirarsu ba. Jariri yana kwanciya shiru in ƙafafunsa sun mutu, ɗan shekara biyu kuwa sai ya tashi ɗakin.

Likita_Mai_Wuƙa:
Ni da za a tambaye ni, gwaiwa ta ɓari ɗaya ba sai an je baya ba. In akwai na'urar sikanin, ana ganin jijiyoyi biyu masu ɗaukar zafin wurin a gefen mara a zuba musu ɗan kaɗan, mil ɗaya zuwa biyu ya ishi yaro kamar wannan. Ga ragowa mai yawa, ga ƙafa ba ta mutu ba.

Tsohon_Hannu:
In akwai na'urar, in kuma akwai hannun da ya iya ta. In babu, da lalube ake yi, a zuba da yawa, wani lokacin ma a kuskure jijiyar. Kuma idan kuka ja jakar gwaiwar yaron yana motsawa, mu kuke harara. Kodal a hannun wanda ya yi ɗari ta fi sabuwar dabara a hannun ɗan koyo.

Umman_Sadiku:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na samu likitar a waya ɗazu, na tambaye ta mil 12 na me, har ta yi dariya ta ce wa ya koya min. Ta ce rofibaken ne mai kashi 0.2, kuma za su sake auna shi da safe tunda ya yi zawo makon jiya. Ta ce suna da farin ruwan nan.

Mai_Haɗa_Magani:
Miligiram 2 a mil, sau 12, 24 ke nan. Biyu a kowane kilo. Rofibaken ya fi sauƙi a kan zuciya, kuma bai cika kashe ƙafa sosai ba.

Tsohon_Hannu:
Biyu a kilo. MaiSaBarci, ka ji ko?

MaiSaBarci:
Ranka ya daɗe, biyun rofibaken ita ce iyakarsa a kodal, ita ma ta kai bango kamar ni. Ba ta bar wa mai wuƙa komai ba.

Sista_Mai_Dare:
Ku bar baiwar Allah ta ji abin da zai amfane ta. Umman Sadiku, in ya farka kada ki bar shi ya sauka da kansa, ƙafar tana iya yin nauyi na 'yan awanni, wasu yaran kuka suke don ba sa jin ƙafarsu, ba don zafi ba. Ki lura da fitsarin farko ki gaya wa nas. Farasitamol ɗin da za su rubuta ki ba shi a kan lokaci, kada ki jira allurar ta sake shi tukuna.

Baban_Tagwaye:
Allah ya sa a yi a sa'a. Ni dai da nawa ne da na zaɓi ta gefen maran nan.

Ɗalibin_Tiyata:
Amin. Malamai, saura ɗaya. Yaro ɗan shekara takwas mai ƙiba, sikeli ya ce kilo 50, tsawonsa na mai kilo 26 ne. Da wanne zan ninka?

Tsohon_Hannu:
Kitse ba ya faɗaɗa ramin baya. Yi lissafin duka biyun ka kawo nan mu gani, ka kuma faɗa min ko a shekara takwas kodal za ka zaɓa tun farko.